Man CBD: zan saya karon farko, kuma ina so in riƙe wa Hajiya zuwa Kano

Baban Sultan, Columbus: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah kada a mai da ni abin dariya. Aikin dare nake yi a sito, tsayuwa da ɗaga kaya, baya ya matsa min, in na dawo da asuba kuma barci ya ƙi zuwa. Wani abokin aikina yana ɗiga man CBD a ƙarƙashin harshe, ya ce shi ya raba shi da irin wannan. Da na leƙa sai na ga abin ya cika gari, a gidan mai akwai, a kantin magani akwai na shafawa, a intanet kuwa ba a magana. Wata kwalbar dala 15, wata mai girmanta dala 90. Wanne ake saya? Yana bugarwa? In ya karɓe ni ina so in riƙe wa Hajiyarmu kwalba biyu in zan je gida ƙarshen shekara, gwiwa ta hana ta sallah a tsaye.

Malam na Bronx: Wa alaikumus salam. Baban Sultan, wiwi ce fa, babbar riga da hula kawai aka sa mata. Ka nemi wani maganin.

Maman Iman, Manchesta: Malam, Allah ya gafarta, rabin maganarka gaskiya ce. A kantin magani nake aiki, kullum sai an yi mana wannan tambayar. Tsiro ɗaya ne, babu musu. Amma sinadaran cikinsa sun fi ɗari, kuma wanda ke bugarwa shi ne THC. CBD daban yake, ba ya sa maye. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba shi a 2018, ya ce tsantsarsa ba ta kama mutum yadda ƙwaya ke kamawa. A Amurka, dokar noma da Trump ya sa wa hannu a Disambar 2018 ce ta raba tsiron gida biyu: wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen nauyinsa ba suka kira shi hemp suka halatta nomansa, wanda ya wuce nan yana nan a wiwinsa. Daga nan kasuwar ta fashe.

Abin da dokar ba ta yi ba shi ne sa ido a kan abin da ke cikin kwalba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, har yanzu ba ta amince a sayar da CBD a matsayin abinci ko ƙarin gina jiki ba, kuma ba ta gwada waɗannan kwalaben kafin su shiga kanti. Nan matsalarka take, Baban Sultan.

Alhaji Mai Tirela, Houston: Kafin a yi nisa. Ɗan'uwa, ana yi muku gwajin fitsari a wurin aiki?

Baban Sultan, Columbus: Ana yi, Alhaji. Lokacin ɗauka an yi, kuma duk wanda ya yi ɓarna da motar ɗaga kaya nan take ake tura shi.

Alhaji Mai Tirela, Houston: To ka tsaya cak. Mu direbobin manyan motoci tun Fabrairun 2020 ma'aikatar sufuri ta fitar mana da sanarwa baro-baro: in aka ga THC a fitsarinka, cewa "CBD na sha" ba hujja ba ce. An gama. Akwai wani direba da ya sha irin wannan man a 2012 saboda ciwon da ya samu a haɗari, an tallata masa cewa babu THC ko kaɗan, gwaji ya kama shi aka kore shi. Sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa yana da damar ci gaba da ƙarar kamfanin. Shekara 13, kuma ba kuɗi aka ba shi ba, dama kawai aka ba shi. Kana da shekara 13 ta jira da iyali a wuya? Sojojin nan ma an hana su gaba ɗaya, ko na shafawa.

Ɗan Maraɗi, Lyon: Nan Faransa ma haka. Shagunan CBD ko'ina, halal a doka, amma a 2023 babbar kotu ta ce in ɗan sanda ya tsayar da kai a mota aka ga ɓurɓushin THC a yawunka, laifi ne, ko daga ina ya fito.

Baban Sultan, Columbus: Ikon Allah. To ai na ga wasu an rubuta babu THC a jiki.

Maman Iman, Manchesta: Iri uku za ka gani. Wanda aka rubuta full spectrum, duk abin da ke cikin ganyen ne aka tatso har da ɗan THC ɗin. Broad spectrum sun ce sun cire THC sun bar sauran. Isolate kuma tsantsar CBD ce. Gwajin fitsari ba CBD yake nema ba, ragowar THC yake nema, shi kuwa a kitse yake zama, in kana shan ɗan kaɗan kullum taruwa yake yi. Don haka mai gwaji a wurin aiki, na farkon ba nasa ba ne sam.

Sauran biyun kuma sai in rubutun gaskiya ne. A 2017 masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun sayi kaya 84 a intanet suka kai ɗakin gwaji. Kashi 31 cikin ɗari ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta. Wasu ya gaza, da yawa ya zarce, kuma an samu THC a guda 18. A Utah, tsakanin ƙarshen 2017 da farkon 2018, mutum 52 suka yi rashin lafiya bayan sun sha abin da aka sayar musu da sunan CBD, ashe sinadarin wiwin roba ne aka zuba. Kasuwar ta ɗan gyaru daga baya, amma har yau kai ne mai binciken kanka.

Yadda ake yi: kamfanin kirki yana da takardar gwaji, COA suke ce mata, sau da yawa akwai lambar QR a kwalbar da za ta kai ka gare ta. Kada ka tsaya a ganin takarda kawai. Duba lambar rukunin da ke jikin kwalbarka, ita ce a takardar? Wasu takarda ɗaya ta shekara uku suke liƙa wa komai. Ɗakin gwajin na waje ne ko nasu ne? A layin THC kana so ka ga ND, wato ba a gano ba. Sannan ka sauka ƙasa wajen dalma da sauran ƙarafa masu guba, da maganin ƙwari, da fumfuna, domin wannan tsiron yana zuƙe dattin ƙasar da aka shuka shi. In babu takarda, ko sun ce sai ka aiko musu da wasiƙa, ajiye kwalbar ka wuce.

Autan Mama, Minneapolis: Anti, ni a Amazon na gani da arha, 300,000mg dala goma sha wani abu 😂

Maman Iman, Manchesta: Auta, yi lissafi da kanka. Kwalbar mililita 30 ce ko? Duk man da ke cikinta bai kai giram 30 ba, wato miligiram 30,000. Ta ina 300,000 za su shiga? Amazon na Amurka bai yarda a sayar da CBD ba, abin da kake gani man ƙwayar irin ne, wanda ake zubawa a salak. Ba shi da laifi a matsayin mai, amma CBD ɗin cikinsa kusan babu.

Gwaggo ta Atlanta: Ni dai duk wannan turancin bai dame ni ba. Shekaruna sun ja, yatsuna kan ƙage da sanyin safiya, 'yata ta sayo min na shafawa, ina shafawa ina jin sauƙi. Ban bugu ba, ban yi waƙa a titi ba. Malam, ka ji.

Maman Iman, Manchesta: Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah juya robar ki karanta mana abin da aka haɗa.

Gwaggo ta Atlanta: Jikata ta duba. Akwai menthol, akwai kafur, da wasu sunaye masu tsawo.

Maman Iman, Manchesta: Su ne ke cikin man zafin da muka taso da shi a gida, Gwaggo. Sanyin nan da ɗumin da kike ji nan take, nasu ne.

Gwaggo ta Atlanta: To ke yanzu ƙarya nake yi? Man zafi na san shi tun ba a haife ki ba, bai yi min abin da wannan ya yi ba.

Maman Iman, Manchesta: Wane ni, Gwaggo, tuba nake. Jikinki ne, ke kika san abin da kika ji, kuma na shafawa kaɗan ne ke shiga jini, ban ce ki daina ba. Amma tunda Baban Sultan kuɗinsa zai fitar, dole in faɗa masa abin da gwaji ya nuna. Maganin CBD ɗaya tak FDA ta amince da shi, Epidiolex, a Yunin 2018, kuma na wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani da ke kama yara. A nan yana aiki, an tabbatar, da likita a kai ana auna hanta. Ciwon jiki kuwa labarin ya sha bamban. A Vienna an ba masu ciwon gwiwa miligiram 600 kullum na mako takwas a kan paracetamol, sakamakon ya fito a 2023, ba su fi waɗanda aka ba maganin wofi samun sauƙi ba. A 2024 masu bincike da suka haɗa da na Jami'ar Bath sun tattara gwaje-gwaje 16 kan ciwo, 15 ba su nuna wani amfani ba. Batun barci da damuwa akwai 'yan ƙananan gwaje-gwaje masu ba da fata, amma da ɗaruruwan miligiram aka yi yawancinsu, ba ɗigo biyar na kwalbar kanti ba.

Autan Mama, Minneapolis: Wato dala 90 a kan "wataƙila".

Malam na Bronx: Ku bar batun kuɗi. Hadisi ya tabbata cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ita Maman Iman da bakinta ta ce akwai ɗan THC a ciki. Ina sauran magana?

Abu Hanifa, Leeds: Malam, a gafarce ni in sa baki. Abin da na fahimta daga malamanmu, hadisin yana magana ne a kan abin shan kansa: in ka sha shi da yawa zai bugar da kai? An ba mutane tsantsar CBD har miligiram 1,500 a rana a gwaji, barci da gudawa suka samu, ba maye ba. Ke nan isolate bai shiga ƙarƙashin hadisin ba. Wanda ke da THC kuwa, a nan ina tare da kai, don in mutum ya kwankwaɗi kwalbar yana iya jin ta.

Malam na Bronx: Na ji wannan, kuma ba zan ce tsantsar haramun ce kai tsaye ba. Amma yanzu aka gaya mana rubutun jikin kwalba ba abin dogaro ba ne. Wanda bai san abin da yake haɗiya ba yana cikin shubuha. Kuma ku je gidajen man unguwarmu ku ga abin da yaranmu ke saya da sunan hemp, su fito ido jajur.

Maman Iman, Manchesta: A wannan Malam ya fi ni gaskiya. Abin da yake nufi delta-8 ne da 'yan'uwansa. Daga CBD ake sarrafa shi da sinadarai, yana bugarwa sosai, kuma a kanta ɗaya ake jera shi da CBD, alewa iri ɗaya, leda iri ɗaya. Dokar 2018 delta-9 kawai ta ambata, wato THC ɗin da aka saba da shi, sai 'yan kasuwa suka bi ta wannan ɓarakar. Majalisar Amurka ta toshe ta a dokar kasafin da ta kawo ƙarshen rufe gwamnati a Nuwamban 2025: an sa iyakar miligiram 0.4 na THC a kowane mazubi, aka ba da shekara ɗaya kafin ta fara aiki. Wannan iyakar za ta shafi yawancin full spectrum ma. Ga kuma dokokin jihohi, kowace da nata. Baban Sultan, gidan mai dai cire shi daga lissafi.

Ga mai kiyaye halal akwai ƙarin abu biyu. Alewar taunawa da ƙwanson kafso galibi da gelatin ake yi, yana iya zama na alade, a nemi mai pectin. Wasu ruwan ɗigawar kuma a giya aka jiƙa, a nemi wanda aka haɗa da man kwakwa, MCT za ka ga an rubuta.

Barista, Kaduna: Na bari ku gama ne, don abin da ya tayar min da hankali a saƙon farko ba wanda ya taɓa shi. Baban Sultan, kwalba biyu zuwa Kano? Kada ka soma. Dokar Najeriya ba ta san wani kashi 0.3 ba. Dokar tabar wiwi ta 1966 ta ɗauki kowane sashe na tsiron da abin da aka tatso daga gare shi a matsayin abu ɗaya, dokar NDLEA ta 1989 ta zo ta ɗora. A rubuce, shigo da miyagun ƙwayoyi hukuncinsa ya kai ɗaurin rai da rai, mallaka kuma shekara 15 zuwa 25. Alƙalai kan sassauta, gaskiya ne, amma kafin ka isa gaban alƙali ka kwana nawa a tsare? Jami'in da ya buɗe jakarka a filin jirgin Malam Aminu Kano ya ga hoton ganyen nan a kwalba, ba zai zauna karanta takardar gwajin wani ɗaki a Colorado ba. Hoto za a ɗauke ka da allo a ƙirji. Aikowa ta kamfanin aika kaya ma ba mafita ba ce, sunan wanda zai karɓa ne a jiki, ka jefa ƙaninka ko Hajiyar kanta.

Sannan ta ina za ka biyo? A 2021 kotu a Dubai ta yanke wa wani matashi ɗan Ingila mai koyar da ƙwallo shekara 25 saboda ruwan CBD na zuƙa da aka samu a motarsa, da aka ɗaukaka ƙara aka mai da ita 10. Masu zuwa Umara su ma su ji, Saudiyya ba ta wasa da wannan. Hong Kong tun Fabrairun 2023 ta sa shi a jerin miyagun ƙwayoyi. Hukumar tsaron filayen jirgin Amurka za ta bar ka ka fita da shi, shi ya sa mutane ke ruɗuwa.

Uwar Biyu, Abuja: Amma Barista ana tallarsa a Instagram a nan Abuja da Legas, har kawowa gida suke yi.

Barista, Kaduna: Ana tallar abubuwa da yawa, Hajiya. Ki tambaye su lambar NAFDAC ki ji amsar da za su ba ki. An sha kai ƙudurin halatta noman don magani gaban Majalisar Wakilai, marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo ya yi ta fafutuka a kai tun 2019, amma bai zama doka ba.

Ɗan Zango, Kumasi: Mu a Gana majalisa ta halatta mai kashi 0.3 a 2020, Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake zartarwa a 2023. Amma lasisin noma ne don masana'antu da magani. Ba wai kowa ya cika jaka ya sauka a Accra ba.

Baban Sultan, Columbus: Barista, Allah ya saka. Jikina ya yi sanyi. Batun Kano na janye. Dama Hajiya tana shan amlodipine na hawan jini da maganin suga, ban ma yi tunanin wannan ba.

Maman Iman, Manchesta: Ko da doka ta yarda, da sai na ce a tambayi likitanta. Hanta ce ke narkar da CBD, kuma yana rage wa wasu sinadaran hantar gudu, waɗanda su ne ke narkar da magunguna da yawa, sai maganin ya taru a jini fiye da yadda aka auna. Warfarin na tsinka jini, wasu magungunan farfaɗiya, na dashen ƙoda, wasu na hawan jini da na barci, duk suna ciki. Alama mai sauƙi: duk maganin da aka ce kada a sha shi da garehul, wato lemon grapefruit, a yi hattara da CBD. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon hanta, waɗannan babu su a ciki.

Kai kuma, in ka tambayi wurin aikinka da likitanka ka ga za ka gwada, ga yadda ake lissafi. Lambar da ke gaban kwalba ta duk kwalbar ce. Miligiram 1,000 a mililita 30 na nufin kusan 33 a cikin bututun ɗigawa ɗaya, ɗigo ɗaya kuma wajen ɗaya da rabi. Raba farashi da miligiram, nan za ka gane ko ta dala 90 ta fi ta dala 15 arha. Mu nan Birtaniya hukumar abinci ta FSA ta ce a 2020 kada lafiyayyen babba ya wuce 70 a rana, a Oktoban 2023 ta sauko da shi zuwa 10 saboda hanta. Amurka ba ta da adadi a hukumance. Fara da kaɗan, ka riƙe a ƙarƙashin harshe kamar minti ɗaya, kuma ka sani in ka sha bayan abinci mai maiƙo yana shiga jiki ninki da yawa. Yana iya sa gyangyaɗi, don haka ranar hutu za ka fara, ba daren da za ka hau motar ɗaga kaya ba. Ka riƙa rubuta yadda ka kwana. Wata ɗaya babu canji, kada ka sake saya. Na zuƙa kuwa ban ba kowa shawararsa ba.

Ni da za ka bi tawa, kuɗin kwalbar ka kai wa mai gashin ƙashi ya duba bayan, ka sa labule mai kauri a ɗaki don barcin rana.

Gwaggo ta Atlanta: Ita Hajiyar fa, haka za a bar ta da gwiwa?

Dakta, Zariya: A'a Gwaggo. A kai ta Asibitin Ƙashi na Dala a ɗauki hoton gwiwar a san matakin da take. Man shafawa na diclofenac yana da hujja mai ƙarfi a ciwon gwiwa irin na tsufa, kuma kowane kemis a Kano akwai shi. Ƙwayoyinsa na haɗiya ne ba na so ta riƙa sha kullum da hawan jini da suga, suna taɓa ƙoda. Motsa gwiwar da rage nauyi su ma magani ne. Sallah a kujera kuma Malam zai tabbatar babu laifi.

Malam na Bronx: Babu laifi ko kaɗan, ladanta cikakke in sha Allah.

Baban Sultan, Columbus: Na gode ƙwarai, jama'a. Gobe zan kira ƙanwata ta shirya zuwa Dala. Nawa kuma zan fara tambayar ofishin ma'aikata ko isolate ma suna da matsala da shi.

Alhaji Mai Tirela, Houston: Ka tura musu imel, kada ka tambaya da baki. Abin da suka amsa ka ajiye shi. Kuma ka tambaya a dunƙule, kada ka ce ka riga ka saya.